Filin Shawara: Rana Tsaka, Sola a Kan Rufi, Gida Babu Wuta

 Gwaggo, ni matar aure ce a Kano. Yayana da ke aiki a Turai ya aiko mana da farantan sola guda 8, kowanne na wat 400, kuma kowanne da wata ƙaramar inbata a manne a bayansa. Mai gyaran wuta ya zo ya ɗora su a kan rufi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da zarar an ɗauke wutar NEPA sai gidan ya mutu, ko da rana ta take tsaka. Maigida ya ce kayan banza aka aiko mana, a kwance a sayar, maganar har ta soma taɓa zumunci. Ni kuma na kwashi adashe, ina so in sayi batirin lithiyom in haɗa. Idan na saya, matsalar za ta kau?

Daga wata uwargida, Kano

 'Yata, ki fara da kwantar wa maigida da hankali, domin yayanki bai cuce ku ba. Kayan suna yin daidai abin da aka ƙera su su yi, sai dai an ƙera su ne don ƙasar da ba a ɗauke wuta. Kuma ki riƙe kuɗin adashen nan tukuna. Batir shi kaɗai ba zai yi miki komai ba, don a tsarin da kike da shi yanzu babu ma inda za a soka shi.

Farantin sola wutar DC yake bayarwa, irin wadda batir ke sha. Kayan gida kuwa, firij da fanka da talabijin, wutar AC suke so. A tsarin da aka saba gani a gidajenmu, ana haɗa farantai a jere, a sauko da wutar DC ta waya zuwa babbar inbata guda ɗaya a ɗaki, batir na gefenta. Naki ba haka yake ba. Kowace ƙaramar inbata tana juya wutar farantinta zuwa AC tun a kan rufi, don haka abin da ke saukowa AC ce zalla, kuma batir ba ya cin AC kai tsaye.

Sai kuma dalilin mutuwar gidan da rana. Waɗannan ƙananan inbatoci kamar 'yan amshi suke, ba sa tayar da waƙa sai sun ji mawaƙi ya ba da baiti. Suna sauraron wutar layi, wadda a nan ƙasar take zuwa a bolt 230 tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, sai su daidaita tasu da ita. In ta ɗauke, nan take su ma su yi shiru. Da gangan aka yi su haka, saboda kada su tura wuta cikin layin da ma'aikaci ya hau gyara yana zaton a mace yake. Ba lalacewa ba ce, kuma kada ki yarda wani ya ce zai buɗe su ya cire wannan kariya.

Abin da gidanki ya rasa shi ne inbata ta batir mai iya ƙirƙirar nata layin wuta. Idan NEPA ta ɗauke, sai ta raba gidan da layin waje, ta tayar da wuta mai bugu 50 daga batir. Ƙananan inbatocin su ji ta, su ɗan jira na wasu mintoci, su kama aiki. Gida ya sha abin da yake buƙata, ragowar kuma ta koma ta cikin babbar inbatar ta cika batir. Wannan shi ake kira haɗin AC, kuma ba kowace inbata ke iya shi ba. Irin su Victron MultiPlus da SMA Sunny Island an yi su da wannan aiki, haka wasu inbatocin haibirid na Deye suna da ƙofa ta musamman da ake iya saitawa don ƙananan inbatoci. Mafi yawan masu arahar da ke cike da kasuwa ba su iya ba, in aka tura musu wuta ta baya suna iya ƙonewa.

A nan nake so ki buɗe kunne sosai, domin nan ne ake asarar kuɗi. Ɗauki misalin ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu. Batir ya cika, yara suna makaranta, firij kaɗai ke aiki, amma farantai na ci gaba da zubo wuta kusan kilowat 3. Ina za ta je? Babu layin waje da zai karɓa. Batirin lithiyom yana da na'urar da ke gadinsa a ciki, wadda masu sayarwa ke kira BMS, kuma idan aka matsa masa bayan ya cika, sai ta yanke shi baki ɗaya don kare shi. Gida ya mutu, wani lokaci har da ɓarna. Inbatar da ta san aikinta tana da dabara: da batir ya kusa cika sai ta ɗaga bugun wutar kaɗan sama da 50, zuwa 51 ko 52. Ƙananan inbatocin suna fahimtar wannan alama, su rage abin da suke bayarwa ko su tsaya. Amma sai an saita ɓangarorin biyu sun fahimci juna. Saboda haka tambayarki ta farko ga duk mai gyaran da ya zo ita ce, idan batir ya cika kuma babu NEPA, me zai tsayar da farantan? In ya yi kame-kame, ki sallame shi da girma da arziki, ki nemi wani.

Game da girma, akwai ƙa'idar da kamfanin Victron ya shimfiɗa, kuma tana da amfani ko wace inbata za ki saya: kada ƙarfin da ke saukowa daga rufi ya wuce ƙarfin inbatar batir. Farantanki 8 sau 400 ya kama wat 3,200, don haka inbata mai kVA 5 da ke aiki da batirin bolt 48 za ta ba ki sarari. Batirin da ya fi dacewa da gida shi ne wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, ya fi sauran nau'o'in lithiyom jure zafi kuma ya fi wuyar kama wuta. Wanda aka fi samu yana da bolt 51.2 da Ah 100, wato ya ɗan haura kilowat-awa 5. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da an cutar da shi ba, saɓanin batirin ruwa da ake so a tsaya a rabi. Sai dai ki lura, wat 3,200 in aka tura su cikin batirin bolt 51.2, sun haura amfiya 60, alhali da yawa daga masu Ah 100 an fi so a caja su da amfiya 50 ko ƙasa da haka. Biyu sun fi dacewa da farantanki. In adashen bai kai biyu ba, a sayi ɗaya, a saita iyakar caji, a ƙaro na biyu irinsa sak daga baya.

Ki sa a ajiye batirin a ɗaki mai iska, ba a ƙarƙashin kwano ba, ba kusa da kicin ba. Zafin bazara na Kano yana haura digiri 40, kuma zafi ne ke cinye shekarun batir a hankali. A kuma duba mitarku: wasu mitocin kati suna lissafa wutar da ta koma layi kamar wadda aka sha, sai ku ga kati na ƙarewa alhali rana ce ke ba ku wuta.

Shi kuma maigida, ki zaunar da shi ki nuna masa wannan shafi. In da hali ku kira yayan naki tare, ku yi masa godiya, ku roƙe shi ya turo takardun kayan da lambar shiga manhajarsu, domin mai saitawa zai buƙace su.

*

Gwaggo, barka da aiki. Ni ina da irin wannan haɗin, ƙananan inbatoci da batirin lithiyom, yana aiki lafiya. Amma ranar da muka yi baƙi batir ya ƙare cikin dare, da safe rana ta fito sarai, komai ya ƙi tashi har sai da aka kawo wuta bayan la'asar. Yarona ya ce nan gaba mu tayar da janareta mu ruɗi farantan su farka. Ya kike gani?

Daga wani magidanci, Zariya

Malam, barka kadai. Kada ka bari yaron nan ya gwada, ina roƙonka. Ƙananan inbatocin za su ɗauki wutar janareta a matsayin layi, su soma tura wuta cikinsa, shi kuwa janareta ba a yi shi don karɓa ba. Ƙarshenta ko ya ƙone, ko kayan gida su sha wutar da ta fi ƙarfinsu. Janareta yana da wurin shigarsa a jikin inbatar batir, kuma daidai haɗin shi ne wanda ke cire ƙananan inbatoci daga layin muddin yana aiki.

Abin da ya same ka sananne ne a wannan tsari. Batir ya ƙare, babbar inbata ta kashe kanta. Da ta mutu babu layin da ƙananan za su bi, su kuma in ba su tashi ba babu mai caja batir. Kowa na jiran kowa. Magani biyu ne, kuma na fi son ka yi su duka. A saita inbatar ta daina ba gida wuta tun batir na da saura kamar kashi 20, don ta sami abin tayar da layi da safe. Sannan a ƙara wasu farantai marasa ƙaramar inbata, a haɗa su da batir kai tsaye ta na'urar caji ta MPPT. Waɗannan ba ruwansu da layi, da rana ta fito za su fara ɗura wa batir, shi kuma ya tayar da sauran.

*

Gwaggo, ni yanzu zan fara. Mai shago ya ce mini ƙananan inbatoci su ne na zamani, su ake yayi a Amurka. In saya?

Daga wata malamar asibiti, Katsina

'Yar'uwa, gaskiya ya faɗa cewa ana yayinsu a can, kamfanin Enphase na Kalifoniya da su ya yi suna. Suna da alfanu na gaske: in inuwar bishiya ko tankin ruwa ta rufe faranti ɗaya, sauran ba za su raunana ba, kuma ana ganin aikin kowane faranti a waya, har a gane wanda ƙurar hunturu ta fi rufewa. Amma a can wutar layi ce ginshiƙi, batir ƙari ne. Ke kuwa batir ne ginshiƙinki, kusan kowane dare a kansa za ki kwana. Da ƙananan inbatoci, wutar za ta juya daga DC zuwa AC a rufi, ta koma DC don shiga batir, ta sake zama AC da dare, kuma kowane juyi yana cin wani abu. Ga kuɗin inbata kashi biyu.

In rufinki fili ne babu inuwa, ki sayi inbatar haibirid guda ɗaya mai kyau da batirin LiFePO4 wanda ke magana da ita ta wayar sadarwa, a sa miki fyus da waya mai kauri da ƙarfen ƙasa na tsawa. In kuwa rufin yana da lunguna da inuwa har ƙananan sun zama dole, ki karanta abin da ke rubuce a jikinsu kafin ki biya. Ki tabbata an rubuta 230V da 50Hz, domin na kasuwar Amurka an saita su ne a kan bugu 60.