Darasin Wannan Wata: Lambar Yabon Tsohon Soja Da Takardar Sallamarsa

Duk mutumin Rafin Guza da ke zuwa Kawo ya san Barikin Dalet. Amma ba kowa ya san asalin sunan ba. Dalet wuri ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma. A can sojojin Nijeriya suka gwabza da sojojin Japan a 1945. Barikin Kalapanzin na Kaduna da Barikin Chindit na Zariya su ma daga Yaƙin Bama suka sami suna.

Sunayen barikoki suna nan. To, sunayen mutanen da suka yi yaƙin fa? Kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da suka bari yana cikin akwati ko ƙasan adaka: wata tsohuwar takarda, da lambar yabo, wadda 'yan mazan jiya ke kira minda. Wasu kuma sun rasu ba su karɓi tasu lambar ba. Wannan darasi zai nuna wanda ya cancanci lamba, da yadda ake gyara takarda idan an yi kuskure a cikinta.

Yadda Aka Tafi Yaƙin

An fara Yaƙin Duniya Na Biyu, wato Yaƙin Hitila, a 1939. An gama shi a 1945. A lokacin Nijeriya tana ƙarƙashin mulkin Ingila. An ɗebi dubban samari daga garuruwa da ƙauyuka aka sa su soja.

Na farko an kai su Gabashin Afirka. Sun shiga Mogadishu a 1941, suka wuce Habasha, suka yaƙi sojojin Italiya. Daga baya aka kafa Runduna ta 81 da Runduna ta 82 na Afirka ta Yamma. Aka kai su Indiya a jirgin ruwa, daga nan sai dazukan Bama. Su ne ake kira 'yan Bama.

Lambobi Huɗu Da Sharuɗɗansu

Ba a ba da lamba don sani ko alfarma. Kowace tana da sharaɗi.

1. Lambar Yaƙi ta 1939 zuwa 1945. Zagayayya ce, fara, da hoton Sarki Joji na 6. Duk wanda ya yi kwana 28 cikin kayan soja a shekarun yaƙin ya cancance ta, ko da bai bar Kaduna ba.

2. Tauraron 1939 zuwa 1945. Sojan ƙasa sai ya yi kwana 180 a fagen fama, wato wata shida. Amma wanda rauni ko mutuwa ta katse masa aiki a fagen fama, ya cancanta ko bai cika kwanakin ba.

3. Tauraron Afirka. Na waɗanda suka yi yaƙi a Afirka ta Arewa ne, da Habasha da Somaliya. Ƙyallensa ruwan ƙasa ne, da jan layi a tsakiya.

4. Tauraron Bama. Na wanda ya shiga fagen fama a Bama ne, tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Ga sojan ƙasa, kwana ɗaya ma ya isa. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, da shuɗi da ruwan goro a gefe.

Ga misali. Samari biyu sun shiga soja rana ɗaya a 1943. Ɗaya ya yi shekara biyu yana gadi a Zariya. Ɗayan ya yi wata takwas a dajin Bama. Na farkon yana da Lambar Yaƙi, amma ba shi da Tauraron Bama. Na biyun yana da Lambar Yaƙi da Tauraron 1939 zuwa 1945 da Tauraron Bama.

Minda Ba Ta Da Suna

Nan ne muhimmin abin lura. Ingila ba ta buga sunan soja a jikin waɗannan lambobi ba. Saboda haka minda kaɗai ba ta isa shaida ba. Kowa yana iya tsintarta ko ya saye ta.

Shaidar gaskiya ita ce takardar sallama, wadda aka ba soja ranar da ya bar aiki. A cikinta akwai sunansa, da muƙaminsa, ko farabiti ne ko kofur ko saje. Akwai bataliyarsa, da ranar shiga, da ranar fita. Abin da ya fi kome shi ne lambarsa ta soja. Mutum goma suna iya zama da suna ɗaya. Lamba kuwa kowa da tasa. Da ita ake buɗe fayil.

Yadda Kuskure Ke Shiga

Yawancin waɗanda aka ɗauka ba su yi boko ba. Akawu ne ke rubutawa yadda kunnensa ya ji. Garba ya zama Garuba, Mamman ya zama Momo. Da yawa an rubuta su da sunan gari a maimakon sunan uba, kamar a ce wane Katsina ko wane Sakkwato. Shekarun haihuwa kuwa kintata aka yi. Sojan bai iya karanta abin da aka rubuta ba, ballantana ya ce a gyara.

Kuskuren yakan bi mutum har kabari. Kusa da birnin Yangon na Bama akwai maƙabartar Taukkyan. An rubuta sunaye kusan 27,000 a bangonta, na sojojin da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Nijeriya. Iyalin da ba su san sunan da aka rubuta wa kakansu ba, da wuya su gane shi a can.

Abin bai tsaya ga tarihi ba. A 2018 gwamnatin Ingila ta ba da sanarwar taimakon abinci ga tsofaffin sojojin da suka yi mata aiki kafin 'yancin kai, da matansu da suka bari. Irin wannan taimako sai da shaidar aiki ake samunsa.

Matakan Gyara

1. A tattara duk abin da ke gida: takardar sallama, hoto, katin fansho, wasiƙa.

2. A kwafe lambar soja a littafi, a karanta ta sau biyu.

3. A yi fotokwafi. Kada a ba kowa takardar asali ya tafi da ita. Kada a goge ko a ƙara kome da biro, domin yin haka yana ɓata shaida.

4. Idan sunan takarda ya bambanta da sunan gida, a je kotu a yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. A haɗa da wasiƙar mai unguwa ko hakimi.

5. Idan sojan ya rasu, a nemi shaidar rasuwa da shaidar dangantaka. A ƙa'idar ofishin lambobi na Ingila, matarsa ce ta farko, sannan babban ɗa ko 'ya. Ofishin yana duba fayil kafin ya bayar, kuma sau ɗaya yake bayarwa kyauta.

6. A kai takardun ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wato Lijiyon, na jiha. Su za su nuna inda za a aika. Ofishin ajiye bayanan Sojan Nijeriya yana Lakwaja, a barikin da aka sa wa sunan Samanja Chari Maigumeri, wanda shi ma ya yi yaƙin Habasha da na Bama.

Waɗannan matakai suna da amfani ga waɗanda suka je Kwango daga 1960, da waɗanda suka yi Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, da waɗanda suka je Laberiya daga 1990. Sai dai lambobinsu da sharuɗɗansu daban ne.

Gargaɗi

Waɗannan lambobi huɗu girmamawa ce, ba sa zuwa da kuɗi. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu zai fito da miliyoyin 'yan Bama, a yi hattara da shi. A ajiye takarda cikin leda, nesa da gara da danshi. Mazauna bakin Kogin Kaduna, kamar Rafin Guza, su ɗora ta sama saboda ambaliyar damina. Neman yana ɗaukar lokaci, amma matambayi ba ya ɓata.

Tsohon sojan bai iya karanta takardarsa ba. Yau ɗansa ko jikarsa ɗan ajin yaƙi da jahilci ne, yana iya karanta ta, ya ga kuskure, ya nemi gyara.

Tambayoyi

1. Daga ina sunan Barikin Dalet ya fito?
2. Kwana nawa ake bukata don samun Lambar Yaƙi?
3. Don me minda kaɗai ba ta isa shaida ba?
4. Mene ne amfanin takardar rantsuwa?

Aikin Gida

Kowane ɗalibi ya tambayi dattawan unguwa ko akwai gidan tsohon soja. Idan akwai takarda, ya nemi izini ya karanta musu ita, ya rubuta musu suna da lamba da bataliya a littafi.