Darasin Kimiyya: Bulo, Gangara da Igiya

Darasin wannan fitowa mun shirya shi ne domin yaranmu masu shirin jarrabawar WASSCE, wadda hukumar WAEC mai hedikwata a nan Accra take shiryawa. Amma muna roƙon iyaye masu aikin gini ko tura amalanke su ma su saurara idan yaro yana karantawa, domin maganar ta shafi lafiyar jikinsu.

Duk wanda ya bi lungunan Nima da Maamobi ya san ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, hanyoyi da yawa suna gangarawa wajen babban gwata. Magina sukan jingina katako su ja bulo sama, wani lokaci su ratsa igiya ta kan ƙarfen nan mai juyawa da makanikai ke kira fuli. To, abin da ake zanawa a takardar jarrabawa ke nan: kaya a kan gangara, igiya ta bi ta fuli, wani kayan yana reto a ɗaya ƙarshen.

Ƙa'idar guda ce. Makamashi ba ya ɓata, sai dai ya canza kama. Mu ɗauke shi kamar kuɗin cefane: abin da ya shigo dole ya yi daidai da abin da aka kashe da abin da ya rage. Kayan da ke sauka shi ke kawo kuɗin. Kayan da ke hawa yana cin nasa, gogayya tsakanin bulo da katako tana cin nata, saura kuma shi ne gudu. Rabon gogayya zafi yake zama, shi ya sa igiya ke ƙona tafin hannu in ta zame. James Joule na Ingila ya auna wannan a shekarun 1840, kuma da sunansa ake kiran ma'aunin makamashi jul.

Ga misali. Katako mai tsawon mita 5, kansa ya ɗaga mita 3 daga ƙasa, gindinsa mita 4 daga bango. A kansa akwai bulo mai kilo 20. Bokitin yashi mai kilo 20 yana reto. Jan ƙasa mu ɗauka 10, adadin gogayya 0.25. In bokiti ya sauka mita 2, da wane gudu suke tafiya?

Bokiti ya kawo 20 × 10 × 2, jul 400.

Bulo ya yi tafiyar mita 2 a kan katako, amma hawansa bai kai mita 2 ba. A kowace mita 5 katakon na ɗagawa mita 3, saboda haka ya hau mita 1.2 kawai. Ya ci 20 × 10 × 1.2, jul 240.

Gogayya ita ce inda yara suka fi faɗuwa, don haka mu tsaya a kanta. Bulo ba ya danna katako da duk nauyinsa na niyuton 200, tunda katakon a karkace yake. Kashi 4 cikin 5 ne ke dannawa, wato 160. A ninka da 0.25, a samu niyuton 40. Wannan kuma da tsawon tafiya a kan katako ake ninka shi, ba da tsayin hawa ba: 40 × 2, jul 80. Hawa na kallon tsayi, gogayya na kallon nisan da aka goga. Yaron da ya riƙe wannan bambanci ya ci rabin tambayar.

Saura 400 − 240 − 80, jul 80. Igiya ɗaya ta haɗa su, gudunsu ɗaya, don haka a haɗa nauyinsu, kilo 40. Rabin 40 sau gudu sau gudu daidai da 80, gudun ya zama mita 2 a daƙiƙa. Ku lura ba mu nemi ƙarfin jan igiya ba sam. Abin da ta karɓa daga bokiti shi ta miƙa wa bulo, in dai mun ɗauka fulin ba shi da nauyi kuma ba ya cijewa. A wajen gini kam yana cijewa, musamman in ya yi tsatsa.

Yanzu a rage yashin ya koma kilo 15. Bokiti zai kawo jul 300, ana bukatar 320. Lissafi ya ba da kasa da sifiri. Kada ɗalibi ya firgita ya goge aikinsa, ma'anarsa kayan ba za su motsa ba.

Ga abin da ya sa muka ce iyaye su saurara. In igiya ta tsinke bulo yana saman katakon, yana da jul 600. Gogayya za ta ci 40 × 5, jul 200 kawai. Sauran 400 za su kai shi ƙasa da gudun sama da mita 6 a daƙiƙa, kusan kilomita 23 a awa, kuma in katakon ya jiƙe da ruwan sama gogayyar raguwa take yi. Bulo guda ke nan, balle amalanke cike da kaya a gangarar kasuwar Nima. A duba igiya kafin a ɗora kaya, a sa dutse a bayan taya in an tsaya hutawa, kuma a hana yara zama a gindin gangara.

Aikin gida: a mayar da bokitin kilo 25, sauran lambobi yadda suke, a nemo gudun bayan saukar mita 2. Amsa tana fitowa ta gaba.