Filin Shawara: "Ya ce jini ne ke magana a bakina"

Gwaggo. Ni haifaffiyar Magami ce, aure ya kawo ni Gusau. Babana Bahaushe ne manomi, innata Bafulatana. Maigidana hatsi yake sayarwa. 'Yan bindiga sun tare ƙanensa a hanyar Ɗansadau, aka sayar da gona aka kai kuɗin fansa, amma ko gawarsa ba a gani ba. Tun daga nan duk Bafulatani ɓarawo ne a wurinsa. In na ce ai kawuna ma an kore masa shanu kakaf, kuma 'yan sa-kai sun kashe ɗansa a kasuwa ba bincike, sai ya ce jini ne ke magana a bakina. Shekaranjiya kawun ya zo duba ni, babban ɗanmu ya ƙi gaishe shi. Tsakanina da maigida, wa ke da gaskiya?

'Yarki daga Gusau

Ɗiyata. Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa ta ɓangarorin biyu.

Ba zan raba muku gardama ba, domin ba wanda ya yi ƙarya a cikinku. Shi ya san dare nawa ya kwana da waya a ƙirji yana jiran kiran daji. Ke kuma kin san yadda shinge ke zama wayam bayan an kore garke, ga ƙwaryar nono a kife. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuskurensa shi ne ya ɗauka abin da ya gani shi ne duka labarin.

Ba ku kaɗai ba ne. Ki tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Mutumin birni ya ce madalla, an toshe wa ɓarayi hanya. Na ƙauye kuwa ya rasa yadda zai kira maƙwabtan gari ya ce ga babura nan tafe, ya rasa inda zai sayar da akuya ya auno tiya. Haka sulhun da Gwamna Matawalle ya yi da 'yan bindiga a 2019: wanda aka sako masa ɗa ya sa albarka, wadda aka kashe wa miji ta ga an yi zaman shayi da makasansa. Da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa, rundunar tsaron al'umma ta jiha, a Janairun 2024, ki tambayi mijinki da kawunki abin da kowanne ya ji a ransa ran nan.

Akwai kuma abin da shi bai cika son dubawa ba. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya gano hannun wasu masu sarauta a cikin ta'asar. Masu kai rahoto daji, da masu kai burodi da mai, da yawansu cikin gari suke kwana, ba a ruga ba.

Amma ke ma kada ki ɗauka don kin haɗa gida biyu kina ganin komai. Na lura a wasiƙarki, da ya ambaci ƙanensa sai ki kawo kawunki. A kunnensa wannan ramuwa ce, kamar kina cewa an yi kunnen doki. In ya tado zancen, ki ce Allah ya jiƙansa, ki tambaye shi halin mamacin, ki bar shi ya amayar. Naki labarin ki ajiye wa wata rana, ba kan tuwo ba, ba gaban yara ba.

Maganar yaron ce ba za ta jira ba. Shi bai rasa kowa da idonsa ba, gadon fushi kawai yake ci. Ki samu maigidan ku biyu, ki ce masa: "Malam, wanda yaron nan ya ƙi gaidawa kakansa ne, jinin kuma yana jikinsa." In ya ƙi ji, ki kai wa babanki. Shi manomi ne da ya zauna da Bafulatana shekara da shekaru, kuma suruki ba ya musu da shi. In kawun ya sake zuwa, babanki ya rako shi, a shimfiɗa musu tabarma a zaure, yaron ya kai ruwa da hannunsa.

Gwaggo