Zuwa ga ƙannena masu fatauci a kudancin Sin



Ina jin daɗi idan na ga matashi ya tashi daga Kantin Kwari ya nufi Gwanzu da jarinsa. Abin da ke damuna shi ne, da yawanku iyakarku masauki a unguwar Xiaobei da shagon dillali. Sai mutum ya shekara biyar yana zuwa, bai taɓa taka inda ake ƙera kayan da yake saro ba.

Gwanzu ce hedkwatar lardin Guangdong, wanda ƙidayar 2020 ta ba shi mutum miliyan 126, kuma tun 1989 babu lardin da ya kamo shi a arziki duk faɗin Sin. Arzikin nan a bakin kogin Lu'u-lu'u yake, inda garuruwa suka jeru, kowanne da sana'arsa. Mai neman tayil da kujeru ya tafi Foshan, mai fitilu ya nufi Guzhen. Kayan waya kuwa sai kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen, garin da aka keɓe a 1980 don jawo masu zuba jari. Duk jirgin ƙasa na zuwa, a wuni ɗaya ka je ka dawo. Don Allah ku shiga masana'antun nan. Ku tsaya a bayan mai ɗinki ko mai haɗa caja, ku juya samfur a hannu, ku ja zarensa, ku ji nauyinsa, kafin ku ba da kafin alƙalami. Wanda ya ga yadda ake yin abu ba a cika yi masa sakiyar da ba ruwa ba, wata rana ma shi zai kafa tasa masana'antar a Sharaɗa.

Ku lura da lokaci. Baje kolin Canton, da ake yi a Gwanzu tun 1957, yana buɗewa a Afrilu da Oktoba, masauki ya yi tsada. Da damina kuma guguwar teku kan tsayar da jiragen ruwa, kwantena ta makara.

Ku ware kwana biyu ku ga ƙasa. Ku yi salla a masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, wanda mutanen Gwanzu ke danganta shi da Sa'adu bin Abi Waƙƙas. In da hali ku ƙarasa Guilin a yankin Guangxi, inda duwatsu masu tsini suka tsaya a gefen kogin Li. Hotonsu ne a bayan takardar yuan 20 da ke aljihunku.

Biza kuwa, ku duba ranar ƙarewarta tun a filin jirgi. Tara suke yi a kan kowace rana da aka ƙara, har da tsarewa.

Naku,
Yayanku