Idan Wanda Ya Yi Haɗari Ya Ce Ba Ya Jin Ƙafafunsa

Mun saba, da babur ya kayar da mutum sai a taru a ciccibe shi, wani ya kama hannu, wani ƙafa, a cusa shi a adaidaita-sahu. Niyyar alheri ce, amma tana iya gurgunta shi har abada.

A cikin ƙashin baya akwai laka, wadda jijiyoyi tagwaye 31 ke fita daga gare ta. Ta nan saƙon zafi da na taɓi ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, ta nan kuma umarnin motsi ke saukowa ga gaɓɓai. Idan ƙashi ya karye ya danne lakar, zafin ba ya isa sama. Shi ya sa wanda ka matsa tafin ƙafarsa bai ji ba ya fi mai ihu ba ni tsoro.

Ka ce ya motsa yatsun ƙafa. In ya kasa, kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya tallabi kansa da hannu biyu, kada wuyan ya motsa, domin rauni a lakar wuya kan iya tsayar da numfashi. A Najeriya, a kira jami'an kiyaye haɗurra ta 122. In ɗauka ta zama dole, mutum huɗu su mirgina shi lokaci guda kan faffaɗan katako, kai da gangar jiki a layi ɗaya.