Injin jirgin ruwa ya ƙi tashi

Wani mai sauraronmu daga Amoutivé a birnin Lome yana tambaya: me ke hana injin dizal na jirgin ruwansu tashi?

To Malam, fara da kunne. In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai, duba batir. Cikakke yakan nuna volt 12.6, kuma iskar teku mai gishiri na saurin cin kawunansa, sai ka kankare su ka ɗaure tamau. In kuwa injin na juyawa bai kama ba, galibi iska ce ta shiga bututun mai, ko ruwa ya taru a matata. Zubar da ruwan, ka sassauta ƙusar fitar da iska, ka yi ta famfo har mai ya fito babu kumfa.

Don Allah kada ka yi ta murɗa makulli. Yin hakan kan sa ruwan teku ya cika salansa ya koma cikin injin.