Yadda Ake Rubuta Labarin Bincike: Misali Daga Kasuwar Kuje

Labarin bincike shi ne ƙagaggen labarin da aka gina a kan laifin da ba a san mai shi ba: wa ya aikata, ta yaya, kuma saboda me? Mai karatu yana bin mai bincike sawu da ƙafa, yana ganin abin da ya gani, yana ƙoƙarin riga shi gano mai laifin. Masana adabi sukan danganta asalin wannan salo ga Edgar Allan Poe na Amurka da wani gajeren labarinsa na 1841. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887, Agatha Christie ta biyo baya da littafinta na farko a 1920. A Afirka, Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya ƙirƙiro Bwana Msa cikin harshen Suwahili a 1960, Yarbawa kuma suna da Oladejo Okediji da Kola Akinlade. A Hausa akwai labaran laifi irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya taɓo fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, dukansu na farkon shekarun 1980. Sai dai labarin da ake ɓoye mai laifi har shafin ƙarshe bai kai na soyayya yawa ba, don haka filin a buɗe yake.

Sharaɗin wannan salo ɗaya ne: a yi wa mai karatu adalci. Duk hujjar da mai bincike zai kama ɓarawo da ita, dole ne an riga an nuna wa mai karatu ita. Matakan da ke tafe duk hanyoyin cika wannan sharaɗi ne.

Mataki na ɗaya: karatu da kallo sau biyu

Mai son rubuta labarin bincike yana karanta kowane littafi sau biyu. Karatun farko na jin daɗi ne. A na biyu, da yake ya riga ya san mai laifin, sai ya ɗauki biro ya rubuta shafin da aka fara ambaton mutumin, da inda aka saka kowace alama, da abin da aka yi amfani da shi wajen kawar da hankalinsa daga kanta. Haka ake yi wa fim. October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014, ya dace da wannan darasi: marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sandan Arewa da aka tura wani gari a ƙasar Yarbawa ya binciki kashe-kashen mata dab da samun 'yancin kai. Abin lura shi ne yadda rashin jin harshen garin da nauyin sarauta suka zama masa cikas. Shirin Columbo na Amurka kuwa yana nuna mai laifi tun farko, sai a zuba ido a ga yadda za a kama shi, don haka yana koyar da dabarun yin tambaya.

Mataki na biyu: zaɓar wuri da laifin da ya dace da shi

Marubuci ya ɗauki wurin da ya sani ciki da bai. Kuje misali ne mai kyau. Ɗaya ce daga ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, tare da Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kwali da ta cikin birnin Abuja. Ƙasar noma ce, doya da hatsi suna shigowa daga ƙauyuka irin su Gaube da Rubochi, ga kuma ma'aikatan gwamnati da tsadar haya ta koro daga cikin birni. Gade da Gbagyi da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa suna cuɗanya a kasuwa guda, akwai fadar Gomo, akwai hada-hadar filaye, akwai gidan yarin da sunansa ya zaga ƙasa. Kowane ɗaya daga waɗannan yana iya haifar da laifi irin nasa: filin da aka sayar wa mutum biyu, kuɗin adashin da ya yi ɓatan dabo, takardar gadon da aka sauya.

Ba dole ne a zubar da jini ba. Abin da ake buƙata shi ne laifin ya yi nauyi ga waɗanda ya shafa, kuma ya auku a cikin mutane ƙalilan da suka san juna. Ga misalin da za a bi har ƙarshe: wani Alhaji mai fataucin doya a kasuwar Kuje ya ajiye kuɗin cinikin mota guda a akwatin ƙarfe cikin shagonsa. Da safe aka tarar da ƙofa a kulle, kwaɗo lafiya lau, kuɗi babu.

Mataki na uku: farawa daga ƙarshe

Kafin a rubuta babin farko, a rubuta ainihin abin da ya faru a takarda dabam, wadda mai karatu ba zai taɓa gani ba. A misalin nan, ɓarawon shi ne dillalin da Alhaji ya fi amincewa da shi. Dalilinsa: ya cinye kuɗin adashin 'yan kasuwa da ke hannunsa, ranar kwasa kuma ta matso. Hanyarsa: Alhaji yakan bar masa makullai idan zai tafi masallacin Juma'a, sai ya kai aka yanka masa irinsu.

Daga nan sai jadawalin lokaci. An ɗauke wuta bayan Magariba, ba ta dawo ba sai ƙarfe 11. Mai gadi ya sulale zuwa gidan kallon ƙwallo daga ƙarfe 8 zuwa 10. Dillali ya shiga shagon da ƙarfe 8:30. A rubuta inda kowane mutum yake a kowace sa'a ta wannan dare. Mutanen kasuwa ba kasafai suke duba agogo ba. Da kiran salla da ɗauke wuta da saukar ruwan sama da tashi daga wasan ƙwallo suke auna lokaci, kuma da su ya kamata shaidu su riƙa magana. Marubucin da ya tsallake wannan mataki yakan kai tsakiyar littafi ya rasa mafita, sai ya jawo wani baƙo daga sama ya ɗora masa laifin.

Mataki na huɗu: gina mai bincike

Mai bincike yana iya zama ɗan sanda ko lauya ko 'yar jarida ko sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa ko malamar asibiti. Abubuwa uku ake nema gare shi: dalilin da ya sa ya shiga maganar, wata ƙwarewa tasa ta kansa, da iyakar da ba zai iya tsallakewa ba. Sakataren ƙungiya ya san lissafin adashi da wanda ake bi bashi, amma ba shi da ikon kama kowa. Ɗan sanda yana da iko, amma da ya shigo rumfa sai bakuna su mutu.

Al'ada ma tana kafa nata iyakokin, kuma suna ƙara wa labari armashi. Saurayi ba ya ce wa dattijo ƙarya yake yi, sai dai ya ce, “Baba, a gafarce ni, wataƙila ni ne ban fahimta ba, kafin Isha'i ne ko bayanta?” Namiji ba ya shiga gidan da aka rubuta “ba a shiga”, don haka yana buƙatar ƙanwa ko mata da za ta jiyo masa zancen cikin gida. Wannan abokiyar aiki tana da wani amfanin: ita ce take yin tambayoyin da ke bakin mai karatu.

Mataki na biyar: waɗanda ake zargi

Mutum huɗu ko biyar sun isa gajeren littafi. Kowanne ya kasance yana da dalilin yin satar, da damar yin ta, da wani sirrin da yake ɓoyewa wanda ba satar ba ne. Yaron shago ya sayi sabuwar waya, ya ƙi faɗin inda ya sami kuɗin, domin a ɓoye yake yin acaɓa da dare da babur ɗin maigidansa. Mai gadi ya rantse bai gusa ba, don tsoron kora. Ƙanin matar Alhaji, mai sana'ar POS, ya nemi rance kwana biyu kafin satar aka hana shi. Idan kowa yana ƙarya saboda dalilinsa, ƙaryar ɓarawon gaske takan saje da sauran.

A gabatar da mai laifin tun a babin farko ko na biyu, a fili, yana taimakawa. Dillalin nan shi ne zai raka Alhaji ofishin 'yan sanda, shi ne mai cewa, “Alhaji, a yi haƙuri, Allah zai tona asirinsa.”

Mataki na shida: dasa alamu da ɓad da sawu

Alama uku masu ƙarfi sun wadatar. Ta farko: dillali ya ce ya wuce wajen ƙarfe 9 ya hangi yaron shago tsaye a hasken ƙwan lantarkin ƙofa, alhali babu wuta a lokacin. Ta biyu: ya ambaci cewa kuɗin a baƙar leda suke ƙunshe, abin da Alhaji bai gaya wa kowa ba. Ta uku: mai yankan makulli ya yi masa gaisuwar sabon ciniki a gaban mai bincike.

Dabarar ita ce raba alama da ma'anarta. Maganar ɗauke wuta ta fito a babi na biyu daga bakin mai sayar da ƙanƙara tana mitar asarar da ta yi. Shaidar dillali ta zo a babi na biyar. Wanda ya haɗa biyun ya ci gasa. Haka kuma ana saka alama a tsakiyar jerin abubuwa, ko a bi ta da hayaniyar da za ta ɗauke hankali. Dole ne kuma a toshe kowace kafa: idan hujjar wuta ce, sai an riga an faɗa cewa shagon ba shi da janareta ko sola.

Ɓad da sawu halal ne, ƙarya daga bakin marubuci haram ce. Sabuwar wayar yaron shago ɓad da sawu ce mai kyau, domin tana da bayani na gaskiya. Tun 1929 Ronald Knox na Ingila ya jera dokoki goma na wannan salo, ciki har da hana warware matsala da abin da ya shafi gaibu. A ƙasar Hausa wannan yana nufin boka da bugun ƙasa da mafarki suna iya fitowa a labari, tunda mutane suna zuwa gare su idan an yi musu sata, amma ba su ne za su nuna ɓarawo ba.

Mataki na bakwai: sanin doka

Kuskure a nan yana zubar da ƙimar littafi. Ƙaramin laifi yana farawa ne daga ofishin 'yan sanda na yanki a ƙarƙashin DPO, babba kuma a miƙa shi sashen binciken manyan laifuka na rundunar Abuja. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema. Shari'ar sata takan je kotun majistare, ta kisan kai kuwa sai babbar kotu. Tun 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, kuma mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar jiran shari'a suke yi. Wannan yana ba labarin nauyi: idan aka tura yaron shago gidan yarin Kuje bisa zargi, kowane jinkiri na mai bincike kwana ne a rayuwar marar laifi. Zama a kotu a saurari shari'a ya fi kallon finafinan Amurka amfani, domin shaidu da bayanan kiran waya da rasit ɗin POS sun fi kusa da binciken da aka saba gani a nan.

Abubuwan da suka faru da gaske, kamar harin da aka kai gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yuli 2022, ana iya ambatarsu don nuna zamanin labari. Amma mutanen labarin su zama ƙagaggu, kada a jingina laifi ga mutum ko ofishin da ake iya ganewa.

Mataki na takwas: jera babi da warwara

Laifin ya bayyana a shafukan farko. Tsakiyar littafi tambayoyi ne, kowane babi ya amsa ɗaya ya buɗe wata. Wajen rabin labari a kama wanda ba shi ba ne, daga baya wata hujja ta wanke shi. Wannan tsari ya dace da masu sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks. A warwara, mai bincike ya tara mutanen, a ofishin sarkin kasuwa misali, ya bi hujjoji ɗaya bayan ɗaya, yana fitar da kowa daga zargi har ya rage mutum guda. Amsa laifi ya biyo bayan hujja, kada duka ko barazana su maye gurbinta. Bayan nan shafi ɗaya ko biyu sun isa nuna makomar kowa.

Mataki na tara: gwaji da gyara

A ba mutum biyu ko uku rubutun, a tsayar da su kafin babin ƙarshe, a tambaye su wa suke zargi kuma saboda me. Idan duk sun gano shi tun farko, alamun sun yi yawa ko sun fito fili. Idan an faɗa musu amsa suka ce ba a yi musu adalci ba, alamun sun yi kaɗan. Abin da ake so shi ne su kasa ganowa, amma da jin amsar su koma baya su tarar da hujjojin a inda aka ajiye su. Sai a sake gwada kowane babi da jadawalin lokaci, a cire duk mutumin da ba shi da aiki, a tabbatar an bayyana kowace ɓad da sawu. Mai farawa ya fara da gajeren labari mai laifi ɗaya da mutum uku. Irinsa ne ake iya shiga gasa da shi, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka buɗe wa mata marubuta tun 2016, kafin a tunkari cikakken littafi.